Ɗaure da Daure

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da wata Talata, saura mako guda Babbar Sallah, ina da sati uku kacal da fara tafinta a kotu. An ce in yi muku magana, ku sababbin ɗauka, kafin in ajiye aiki. Ba dokoki zan karanta muku ba, suna nan a takarda, kowa ya iya karatu. Labarin abin kunyata zan ba ku. Na daɗe ina ɓoye shi, amma na ga in na tafi da shi gida ba wanda zai amfana.

Ni ba a kotu na fara aiki ba. Lafiyar dabbobi na karanta, na yi shekaru a kwata ina duba shanu kafin a yanka da bayan an yanka. Da ƙafata ta fara ba ni matsala, tsayuwa cikin jini da ruwa tun asuba ta gagare ni, sai na nemi canjin wurin aiki. Aka ga Turancina ba laifi, aka kawo ni nan a matsayin ƙaramin akawu, daga baya aka ce in riƙa taya babban tafinta. Ga wanda bai sani ba, a irin kotunmu da Turanci ake shari'a, ko da alƙali da lauya da mai ƙara duk Hausawa ne, don da shi ake rubuta komai. Tafinta shi ne ke tsayawa kusa da wanda ba ya jin Turanci ya mayar masa da abin da aka faɗa. Kafin ka fara sai an rantsar da kai cewa ba za ka ƙara ba, ba za ka rage ba. Na yi rantsuwar nan ina jin kaina, don a ganina wanda ya haddace sunayen cututtukan shanu da Turanci, me kotu za ta faɗa ya gagare shi?

To akwai wata kalma da na zo da ita daga makaranta, restraint. Ita ce darasinmu na farko a aikin dabbobi. Kafin ka taɓa sa sai ka iya ta: yadda za ka jefa igiya a ƙaho, ka zagaya ta ƙirji da kwankwaso, ka ja ya faɗi ba tare da ya karye ba, ka haɗa ƙafafu ka ƙulle. In likita ya ce restrain, igiya muke nema. Shekara da shekaru kalmar nan ba ta da wata ma'ana a kaina sai ɗauri.

Ranar Talatar nan babban tafinta ya tafi jana'iza ƙauyensu, aka ce in riƙe kotu ni kaɗai. Sati ukun da na yi duk a shari'ar masu laifi na zauna, inda kullum ake cewa a mayar da wane gidan yari sai rana kaza. Ban taɓa zama a shari'ar fili ko gado ba.

Shari'a ta huɗu da aka kira ta wani tsoho ce, Baba Garba, barunje, wato mahauci, daga Ƙofar Rini. Na san shi tun ina kwata, kowa ya san shi. Dogo ne, ba ya yawan magana, in rundawa suka yi rikici wurinsa ake kai su, abin da ya ce ya zauna. Wanda ya kai shi ƙara ɗan ƙanensa ne, Sani, wanda uban ya rasu ya bar shi yana rarrafe, Baba Garba ya raine shi, ya koya masa fawa, ya yi masa aure. Abin da ya haɗa su wani fili ne a Runjin Sambo inda suke tara shanu kafin a kai kwata. Sani ya ce rabinsa na ubansa ne. Baba Garba ya ce shi ya saye shi tun Sani bai san hannunsa na dama ba, ya kuma fara zagaye shi da bulo. Lauyan Sani ya roƙi kotu ta tsayar da ginin kafin a saurari shari'ar. Wannan abu ne da ake yi kullum, umarni ne na wucin gadi, don kada wani ya canza abin da ake jayayya a kansa. A lokacin ni ban san haka ba.

Baba Garba bai ɗauki lauya ba. Ya ce shi ba zai biya wani ya yi masa magana da ɗansa ba. Babban ɗansa Bello ne ya kawo shi a babur. Kunnen tsohon kuma ya yi nauyi, dole sai na sunkuya na yi maganar dab da kunnensa, shi ya sa ban da shi da Bello da ke bayansa ba mai jin abin da nake faɗa.

Mai shari'a ya karanta umarninsa da sauri, don fayiloli sun taru a gabansa. Na ji sunan Baba Garba, na ji kalmar restrained, na ji an ambaci shiga fili da ɗora bulo, na ji har sai an gama shari'a. Kaina bai ko tsaya ba. Na sunkuya na ce, "Baba, kotu ta ce a ɗaure ka, saboda shiga filin nan da ɗora bulo, har sai an gama shari'a."

Daga nan mai shari'a ya cire tabarau, ya dubi tsohon, ya dubi Sani, ya ƙara wata jimla a hankali. Na ji ya ce exercise restraint. Ni kuwa exercise a wurina motsa jiki ne. Na ce a raina, motsa jiki da ɗauri kuma? Na rasa yadda zan haɗa su, sai na haɗiye jimlar gaba ɗaya, ban faɗa wa kowa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta. Aka ɗage shari'a, mai shari'a ya tashi hutun rabin awa, lauyan Sani ya kwashi takardunsa a guje zuwa wata kotu.

Baba Garba bai yi gardama ba. Ya fito baranda a hankali, ya cire agogonsa, ya ciro waya da makullai daga aljihu ya miƙa wa Bello. Ya ce, "Ka ce ma innarku ta aiko min da maganin hawan jini. Shanun Alhaji ukku na nan, ka yanka mashi jajibiri, kak ka saɓa." Carbi kaɗai ya bar wa kansa. Sannan ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba ko a kwata, ya kira Sani.

Sani ya zo ya durƙusa. Baranda cike take da mutane, masu jiran shari'a da masu sayar da ruwa da 'yan sanda.

"Sani, shekarata saba'in da wani abu, ko ohishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba. Yau ka sa an ɗaure ni. Da hannun ga nib ba ka hura, da shi nik koya maka riƙon wuƙa. To na rantse da Allahn da yay yi ni, ba ka ƙara taka ƙohwar gidana. In na mutu kak ka taɓa makarata."

Sani ya ɗago a firgice. "Baba, wane ɗauri? Wallahi ni ban ce a ɗaure ka ba. Gini kawai nic ce a tsai da." Ya waiga yana neman lauyansa, babu shi. Sai idonsa ya faɗa kaina, ina tsaye bakin ƙofa da fayil a hannu. Ya ce, "Malam Shehu, don Allah, hakanan alƙali yac ce?"

A nan ne fa laifina na gaske yake. Kuskuren farko jahilci ne, kowa na iya yi. Amma da Sani ya yi tambayar nan, wani abu ya ɗarsu a zuciyata. Na lura ba ɗan sandan da ya matso, ba gandiroban da ya taɓa tsohon, alhali a shari'ar masu laifi kafin alƙali ya rufe baki an riƙe mutum. Da na ce ku dakata in tambaya, da taku goma ne zuwa ofishin rajistara. Amma mutane na kallona, wasu sun san ni tun kwata, yau ga ni da taye a wuya. Sai na ce, "Haka ya ce." Kalma uku. Na juya na shige ciki.

Bello ya tayar da babur ya nufi kwata. Sani ya bi bayansa yana kira, bai tsaya ba. Baba Garba ya samu benci a ƙarshen baranda ya zauna.

Tun wajen sha ɗaya yake zaune a wurin har aka kira azahar, ga zafin Sakkwato da kuka sani. Rajistararmu a lokacin wata dattijuwa ce, Hajiya Luba, Allah ya jiƙanta, mace mai kaifin ido da kaifin harshe. Ta fito za ta yi alwala ta gan shi shi kaɗai. Ta ce, "Baba, lahiya? Ai an gama taku tun ɗazu. Mi kaka jira?"

Ya ce, "Masu kai ni gidan yari nika jira, ɗiyata. In da hali su bari in yi salla tukuna."

Ina cin abinci masinja ya zo ya ce Hajiya na nemana, kuma in bar cokalin nan inda yake. Na same ta a tsaye, fayil buɗe a gabanta. Ta ce in maimaita mata abin da na faɗa wa tsohon, kalma bayan kalma. Na maimaita. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zauna. Sannan ta miƙe kuma, ta fita da kanta, ta durƙusa gaban Baba Garba ta yi masa bayani cewa ba wanda ya ce a ɗaure shi, gini kawai aka ce ya dakatar, ya tashi ya tafi gida. Ta sa aka samo masa keke napep. Ni dai ya dube ni sau ɗaya, ya shiga.

Da ta dawo ta rufe ƙofa. Ta sauko da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu, ta buɗe ta tura mini. "Karanta, malam likitan shanu. Da ƙarhi."

Na karanta. Ashe kalmar da nake taƙama na sani, gefe ɗaya kawai na riƙe. Hajiya ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce in ɗan sanda ya riƙe mai faɗa don kada ya ji wa wani ciwo, kalmar ke nan. In ka sa wa sa igiya, ita ce, ba ta musa mini ba. Amma in kotu ta faɗe ta ga mutum ta haɗa da wani aiki, to hani ne kawai, an ce kada ka yi kaza, kana gidanka, kana kasuwarka, ba mai taɓa ka. Ta ce sau nawa ka ji an ce a tsare mutum a shari'ar masu laifi, da wannan kalmar aka faɗa? Na yi tunani na ce a'a. Ta ce to don me ba ka tambayi kanka ba?

Sai ta sa yatsa a layin ƙarshe na abin da mai shari'a ya rubuta. "Wannan hwa? Mi kac ce masu?"

Na ce ban faɗa ba, don ban gane ba.

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi a kan kallon da ta yi mini. Ta ce, "Ka san abin da yac ce? Cewa yay yi, ku 'yan uwa na, uba da ɗa, ina roƙonku kowa shi kama kainai, shi riƙe bakinai da hannunai har a gama. Ita ta ma'ana ta ƙarshe, wadda mutum ka yi ma kainai ba da igiya ba. Magana guda da za ta kashe wutar ga, ita kah haɗiye."

Ta jawo wata 'yar takarda ta rubuta kalma biyu manya-manya, ɗaya a kan ɗaya. Ɗaure. Daure. Ta ce, "Dibi nan. Alƙali ya ce su daure, kai ka ce a ɗaure. 'Yar lanƙwasar ga ta bisa ita kaɗai ta raba su, kuma ko a Hausarka ta gado." Takardar nan tana cikin walat ɗina har yau, ta yi laushi kamar tsumma.

Kafin la'asar labari ya iso mana daga kwata. Bello ya isa yana kuka yana cewa Sani ya ɗaure Baba. Rundawa kuwa kun san su, ba su da sanyin jini, kuma kowa wuƙa na hannunsa. Suka kifar da teburin Sani, naman sa guda ya zube a ƙasa, ana saura kwana bakwai Sallah. Allah ya sa wasu dattawa suka tura Sani cikin wani shago suka kulle, suka tsaya a ƙofa. Da ba don su ba, da labarin da nake ba ku ya fi haka muni. Ko da Baba Garba ya sauka daga keke a ƙofar gidansa, ya tarar mata na kuka kamar an yi mutuwa.

Washegari mai shari'a ya kira ni ofishinsa. Ya bar ni a tsaye yana rubutu, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, da Hausa, "Jiya da Hajiya ta gaya mini, na ɗauki biro zan rubuta a sallame ka. Sai na ce bari in yi salla tukuna. Da na idar na ce bari in kwana. Yau na ga in na kore ka, wani za a kawo wanda bai taɓa ƙonewa ba." Ya ba ni takardar gargaɗi, aka sa a fayil ɗina, ta kuma ja mini jinkirin ƙarin girma. Ya sa aka kira ɓangarorin biyu ranar Alhamis. A gaban kowa ya ajiye Turanci ya yi musu bayani da Hausa da bakinsa, sannan ya ce in tashi in faɗi abin da na yi. Na tashi na faɗa. Na nemi gafarar Baba Garba, na nemi ta Sani.

Sani ya ce ya yafe, yana share ido. Baba Garba ya ce, "Yaro ya yi kuskure, na yahe mashi." Na ji sanyi, na ɗauka an gama. Da aka fito Sani ya je ya durƙusa zai gaishe shi, sai tsohon ya ɗauke kai ya wuce.

Abin ya dame ni har na kasa haƙuri, ranar Juma'a na tafi gidansa a Ƙofar Rini. Na same shi a zaure. Na ce, "Baba, tunda an gane ba Sani ya sa a ɗaure ka ba, ai sai ka janye maganarka."

Ya ce, "Malam Shehu, kai kay yi kuskure. Ni ban yi kuskure ba, rantsuwa niy yi, gaban mutane, da sunan Allah. Kuma da bai kai ni wurin ga ba, da wa za ya hwaɗa min magana da Turanci har a juya ta?"

Limamin unguwarsu ya yi masa magana, ya ce rantsuwa a kan yanke zumunci ba abin riƙewa ba ce, ya ciyar da miskinai goma ya warware ta. Baba ya ce ya ji. Bai yi ba. Shari'ar ta zo ta ƙare, aka raba filin, kowa ya ja katangarsa. Sani ya bar kwata ya koma fataucin shanu daga kasuwannin bakin iyaka. In ya hango Baba a hanya sai ya sauka daga babur ya tsaya gefe har ya wuce. Matarsa ta haihu, ya sa wa yaron Garba, aka aika aka faɗa, ba wanda ya zo daga Ƙofar Rini. Duk ina ji, duk ina gani, kuma na san daga bakin wa abin ya fito. Ban iya komai ba sai zuwa gaishe da tsohon duk bayan sallar Juma'a. Tun yana amsawa a daƙile har ya saba, yana sa a kawo mini fura. Bello kuwa bai taɓa sakar mini fuska ba, in ya gan ni sai ya ce, "Ga mai ɗaurin Baba nan ya zo."

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Sai ciwo ya kwantar da shi.

Wata Juma'a na je aka shigar da ni har ɗakinsa. Ya rame, muryarsa ta dushe. Bello ya fita sayen magani. Ya yafito ni, na matsa, wannan karon shi ne ya yi magana dab da kunnena.

Ya ce, "Bakinka yak kai waccan magana, shi za ya kai wagga. Ka tai ka ce ma Sani na warware rantsuwata. Na yi kahhwara Jumma'ar da taw wuce, mutum goma, Bello yak kai abincin bai san ko na mine ne ba. Ka ce shi zaka. In bai ishe ni ba, shi kama makarata. Ban iya hwaɗin ta gaban yaran ga, kunya nika ji."

Na ce, "Baba, bari in maimaita maka, ka ji ko daidai na ɗauka." Na maimaita. Ya gyaɗa kai. Na sake maimaitawa. Har ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yanzu kam ka koyi aiki."

Daga nan gidan Sani a Runjin Sambo na wuce kai tsaye. Matar Sani ta ce ya tafi sayen shanu can bakin iyaka, sai gobe. Na kira wayarsa ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Na bar saƙo cewa duk lokacin da ya dawo ya neme ni kafin ya sha ruwa.

Washegari da safe, wajen ƙarfe takwas, aka kira ni aka ce Baba Garba ya cika. Za a yi jana'iza sha ɗaya.

Ƙofar gidan ta cika, rundawa sun rufe kwata sun zo gaba ɗaya. An yi salla, an ɗauko makara ke nan sai ga Sani, ƙurar hanya har gira, ko gida bai biya ba. Bai matso ba. Ya tsaya can tsallaken titi jikin wata katanga, hannayensa a baya, hawaye na zuba bai share ba. Na ratsa mutane na je na faɗa masa saƙon, yadda aka ba ni. Ya dube ni, kallon nan na baranda, ya ce, "Malam Shehu, hakanan yac ce?"

Na ce, "Haka ya ce." Kalma ukun nan dai, ban da wasu.

Na kama hannunsa muka nufi makara. Bello na riƙe da gaba ta dama. Da ya gan mu sai ya ce a tsaya. Ya ce, "Baba ya ce kas shi taɓa. Kowa nan ya sani."

Na ce, "Ya janye. Jiya ya aike ni."

"Kai? Kai da kac ce an ɗaure shi? Wa aj ji, ban da kai?"

Ga gawa na kafaɗun mutane. Ba ni da shaida, ba ni da takarda, ba abin da nake da shi sai bakin da kowa a wurin ya san ya taɓa yin ɓarna. Na ji wasu a baya sun fara gunaguni. Sani ya fara zame hannunsa daga nawa zai koma, na riƙe shi gam.

Na ce, "Bello, ba wanda ya ji sai ni, kuma kana da gaskiya in ka ƙi yarda da ni. Amma Juma'ar da ta wuce waccan, Baba ya sa an dafa tuwo da nama, ya ce ka kai wa mutum goma. Ba tara ba, ba sha ɗaya ba. Ka tambaye shi na mene ne?"

Na ga Bello yana lissafi a ransa. Liman da ke gefe ya ce a hankali, "Kaffarar rantsuwa ke nan, Bello."

Bello ya daɗe a tsaye, jijiyar wuyansa ta miƙe, ina ganin maganganu na taso masa yana mayar da su. Bai ce ya yarda ba, bai ce mini komai ba, har yau ma bai ce ba. Sai kawai ya sunkuyar da kafaɗarsa, ya zame daga ƙarƙashin makarar, ya bar wurin a buɗe. Sani ya shiga ya sa tasa. Kun san al'ada, ana karɓa-karɓa ne a hanya, kowa ya samu lada. Ranar ba wanda ya karɓi Sani har maƙabarta, shi ma bai nemi a karɓe shi ba.

To ku da za ku fara aikin nan, abin da zan ce muku kaɗan ne. Kalmar da ba ku sani ba ba ta cika yin ɓarna ba, don tsoro zai sa ku tambaya. Wadda kuka saba da ita daga wani wuri, kuke ganin taku ce, ita za ku yi wa tsoro. In alƙali ya faɗi abin da bai zauna muku ba, ku ɗaga hannu ku ce ranka ya daɗe a maimaita, ko sau uku ne. Za a yi muku dariya, ku daure. Kada ku haɗiye ko jimla ɗaya, don ba ku san wadda aka aiko domin ta raba faɗa ba. Mutanen da ke tsayawa kusa da ku ba alƙali suke ji ba, ku suke ji, kuma da abin da kuka faɗa za su koma gida su yi aiki.

Sani yana nan, mukan haɗu. Yaron da ya sa wa Garba ya girma, har ya fara bin sa kara, kasuwar shanu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Amma ni na san shekara biyu da wata biyar ya yi bai gaisa da mutumin da ya raine shi ba, kuma da aka ce ya zo, makara ya tarar.